Adafta ce ke sa kyamarata zafi, ko famwiya zan sabunta?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sau biyu na karanta tambayar nan taka saboda abu uku ka cusa a jaka ɗaya. Ka ce ka ajiye tsohuwar kyamararka Canon 80D ka sayi Canon R5 na hannu, lensunanka duk na da ne masu bakin EF, wato tsohon tsarin Canon na ɗaura lensi a jikin kyamara, akwai 24-105 f/4, akwai 50mm f/1.8, sai Sigma 18-35 f/1.8 wanda ka ce da shi ka fi ɗaukar bidiyo, kuma da adaftar wani kamfani kake ɗaura su ba ta Canon ba. To idan kana ɗaukar 4K sai kyamarar ta nuna jan alama ta mutu kafin ta cika rabin awa, wani ya ce maka adaftar ce ke jawo zafin ka canza ta, wani ya ce ka sabunta manhajar cikin kyamarar wato famwiya komai zai wuce, wani kuma ya tsorata ka wai famwiya na kashe kyamara. Shine kake tambaya wanne za ka ɗauka.

Dan Allah kar ka sayi komai tukuna. Abubuwan nan uku kowanne hanyarsa daban, kuma in ka canza su rana ɗaya ko da matsalar ta tafi ba za ka gane wanne ya yi maganin ba, ranar da ta dawo kuma sai ka koma farko.

Bari in fara wanke adafta, don ita aka fi ɗora wa laifi alhali ita ce mafi ƙarancin aiki a cikinsu. Kowane lensi an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara takamaimiya daga sensa, wato ɓangaren cikin kyamara da ke karɓar haske ya zama hoto, in ya matso ko ya ja baya ko da kaɗan ne fokos ya lalace. A kyamarori masu madubi irin 80D ɗinka dole a bar fili a ciki inda madubin zai riƙa ɗagawa yana sauka, shi ya sa tazarar bakin EF daga sensa milimita 44 ce. Da aka cire madubi a tsarin RF, wato bakin da R5 ɗinka ke da shi, wanda Canon suka fito da shi a 2018 sai tazarar ta dawo milimita 20. Ka cire 20 daga 44, saura 24. To wannan milimita 24 ɗin ita ce adaftar, shikenan. Zobe ne na ƙarfe mai rami a tsakiya, sai 'yan fil na lantarki da ke kai saƙo daga lensi zuwa kyamara. Cire ta ka ɗaga ta sama ka leƙa, ba gilashi ko ɗaya a ciki, iska ce kawai. Abin da ba gilashi ba zai rage maka kaifin hoto ba, ba zai ci haske ba, f/1.8 ɗinka yana nan f/1.8. Kuma wutar da ke bi ta fil ɗin nan ita ce dai wadda lensin ke ci tun yana kan tsohuwar kyamararka, ba wani abu da zai dafa cikin kyamara.

Kuma kai ka ma yi sa'a da EF ne a hannunka. Tun 1987 da Canon suka ƙirƙiro bakin EF suka sa komai ya zama na lantarki, injin fokos yana cikin lensin kansa, ƙofar haske ma da lantarki ake buɗe ta a rufe ta, babu wani sanda ko ƙugiya da ke fitowa daga jikin kyamara ya tura wani abu. Shi ya sa ya fi kowane baki sauƙin ɗaurawa a wata kyamarar. Mutanen Nikon ba haka abin ya zo musu ba, bakin F nasu tun 1959 yake, tazararsa 46.5, na Z kuma 16, adaftarsu FTZ tana aiki lafiya da lensunan AF-S da AF-P amma tsofaffin nan na AF-D da kyamara ce ke juya musu fokos da ɗan sukuru, a kan FTZ sai dai ka murza da hannu domin ba injin juyawar a cikinta. Masu Sony kuma da ke ɗaura EF a bakin E mai tazara 18 da irin su Sigma MC-11 ko Metabones, su adaftarsu tafinta ce, tana jin yaren Canon tana fassara wa Sony, to a nan ne ake samun fokos na kai da komo musamman a bidiyo, wani lensin ya yi wani ya ƙi. Kai kuwa kyamarar Canon ce ke magana da lensi da yaren da ta riga ta iya, adaftar miƙa saƙo kawai take.

Ga wata ƙa'ida da za ta yi maka amfani gaba in kana kwaɗayin tsofaffin lensuna: lensi mai doguwar tazara yana hawa kyamara mai gajeriyar tazara, amma akasin haka baya yiwuwa da zobe zalla. Lensin RF ba zai taɓa hawa 80D ba. Tsohon FD na Canon mai tazara 42 baya hawa EF mai 44 sai da adafta mai gilashi a ciki, kuma irin wannan ce ke ɓata hoto, daga nan ne ma maganar "adafta na rage kyau" ta samo asali mutane suka yi ta jan ta har yau. Amma FD ɗin nan a kan R5 zobe kawai yake buƙata, haka sauran tsofaffin bakuna irin M42 mai 45.46 da Leica M mai 27.8. Sai dai ka shiga menu ka kunna damar ɗaukar hoto ba tare da lensi ba tunda kyamarar bata ganinsa, sannan ka rubuta mata milimitar lensin da hannu don mai hana rawar da ke jikin sensa ya san yadda zai motsa, in ka manta wannan hoton zai fi rawa fiye da in ka kashe shi gaba ɗaya. Akwai kuma adafta mai gilashi ta kirki, irin Speed Booster da Metabones suka fitar a 2013, mai tattara hoton lensi babba ta matse shi kan ƙaramar sensa da 0.71, sai 50mm f/1.8 ya koma kusan 35mm f/1.3. Wannan ta masu ƙaramar sensa ce, kai da sensarka cikakkiya ba ruwanka da ita yanzu.

Ba wai ina cewa duk adafta ɗaya ba ce fa. Inda ta banza ke cutarwa daban ne, ba zafi ba. Na taɓa aiki da wata wadda in na ɗaura lensi mai nauyi sai in ji tana ɗan girgiɗi, kaɗan ne sosai, amma ina cikin ɗaukar hira na juya zum sai fil ɗin suka rabu na ƙiftawar ido, lambar ƙofar haske ta koma F00, ɗaukar ta tsaya, kuma maganar da mutumin ya yi a lokacin bata maimaituwa. Abin ya daɗe yana damuna. Tun daga ranar duk adaftar da ta zo hannuna sai na ɗaura lensina mafi nauyi na riƙe kyamara na ɗan murɗa shi hagu da dama ina kallon sikirin, in lambobi sun ɓace ko Err 01 ya fito, wanda a Canon ma'anarsa kyamara da lensi sun daina jin juna, to na goge fil ɗin da busasshen ƙyalle mai tsabta na sake gwadawa, in ya sake na ajiye ta. Abu na biyu ka ɗauki hoton bango mai bulo ko jarida da ka manna a miƙe, ƙofar haske a buɗe duka, ka duba kusurwa huɗun, in gefe ɗaya ya fito tsaf ɗayan ya yi dishi-dishi to zoben a karkace aka yanka shi. Na uku ka haska cikinta da tocila, in cikin na ƙyalli to zai riƙa mayar da haske kan sensa hoto ya yi fari-fari idan kana fuskantar fitila, ta kirki cikinta baƙi ne marar sheƙi. In taka ta wuce ukun nan ka riƙe abarka. In kuma wata rana za ka canza, ta Canon da ta dace da kyamararka iri uku ce, akwai zalla, akwai mai zoben saiti, akwai wadda ake zura mata filta ta gefe, kuma ga mai bidiyo wannan ta ukun da filtar rage haske a ciki tana da daɗin aiki sosai don filta ɗaya ta ishi duk lensunanka komai faɗin bakinsu.

Yanzu zafi, kuma a nan nake so ka nutsu, don ina ganin na gano abin da ya sa aka zargi adafta.

Sigma 18-35 ɗin nan naka an yi shi ne don ƙaramar sensa irin ta 80D, hoton da yake jefawa baya rufe sensar R5 duka. Saboda haka duk lokacin da ka ɗaura shi kyamarar tana aiki ne a yanke, tsakiyar sensa kawai take ɗauka da 1.6, ko ta yi da kanta ko ka sa mata da hannu don kar gefuna su yi baƙi. A hoto megafiksel 45 ɗinka ya dawo wajen 17. A bidiyo kuma ga abin da Canon da kansu suka wallafa a 2020 lokacin da kyamarar ta fito aka yi ta surutu a kan zafinta: a ɗaki mai zafin digiri 23, kyamara ta fara a sanyaye, 8K tana yin kusan minti 20, 4K mai firem 120, wato hotuna 120 a sakan ɗaya, minti 15, 4K mai firem 60 da cikakkiyar sensa minti 35, amma 4K mai firem 60 a yanke minti 25 ne, sai 4K HQ, wato saitin 4K mafi kaifi, minti 30. Ka ga bambancin ko? Minti goma cur tsakanin cikakkiya da yankakkiya a firem 60, dalili kuwa a yanke kyamarar tana karanta duk fiksel ɗin wajen, kusan 5.1K, ta matse su zuwa 4K, wanda aiki ne babba ga firosesa, a cikakkiyar kuwa tsallake layuka take yi. To in dai a firem 50 ko 60 kake ɗauka da Sigma ɗin nan, kana cikin ɗaya daga saitukan da suka fi saurin zafi, kuma tunda kullum da adafta kake ganinsa sai aka ce ita ce. Lensin ne ya kai ka wannan saitin, adaftar rakiya kawai ta yi.

Labari mai daɗi kuma shine a wannan jadawalin dai, 4K na yau da kullum mai firem 24 ko 25 ko 30 wanda ba HQ ba, da na cikakkiyar sensa da na yanke, Canon sun ce zafi baya iyakance shi. Kuma na yanken nan har yanzu daga 5.1K ake matso shi, wato yana da kaifi sosai. Ma'ana Sigma ɗinka a firem 25 ko 30 yana cikin mafi kyawun haɗin da za ka samu a kyamarar nan don dogon aiki. Gaskiya mutane da yawa suna barin kyamara a firem 60 ne kawai saboda lambar ta fi girma, alhali in ba za ka rage gudun hoton a wajen tacewa ba babu abin da ya ƙara maka sai cika kati da zafi. Mutum na tsaye yana jawabi, me za ka yi da firem 60? Ka ajiye shi don 'yan gajerun ɗauka na sakan goma ashirin da kake so su tafi a hankali.

Sannan ka tabbatar zafin ne ma yake tsayar da kai kowane lokaci. R5 tana da iyakar minti 29 da sakan 59 a kowace ɗauka, wannan ba ruwansa da zafi, tsohon abu ne da ya samo asali daga harajin da Tarayyar Turai ta riƙa ɗora wa a da kan na'urar da ke ɗaukar minti 30 ko fiye a matsayin kyamarar bidiyo, kamfanoni suka riƙa tsayar da nasu kafin nan. In wannan ne, ɗaukar ce kawai za ta tsaya, kyamara na kunne, ka sake danna maɓalli ta ci gaba nan take. In zafi ne za ka ga jan alamar ma'aunin zafi tana ƙiftawa, ta rubuto maka saƙo ta kashe kanta, in ka kunna kuma lokacin da ta baka ya zama 'yan mintuna ko sifili. Kai ka ce "kafin rabin awa", to ka duba agogo da kyau a gwaji na gaba.

Me yasa take zafi tun farko? Sensa na karanta miliyoyin fiksel sau da yawa a sakan ɗaya, firosesa na matse su, kati na rubutawa, batir na fitar da wuta, dukkansu zafi suke fitarwa, kuma an rufe su cikin ƙaramin jiki da aka toshe ko'ina don kar ruwa da ƙura su shiga, ba fanka ba ƙofar iska. Abin da ya hana ruwa shiga shi ya hana zafi fita. Katin ajiya na CFexpress kuwa ka taɓa cire shi bayan dogon ɗauka ka ji yadda yake ƙona yatsa. Shi ya sa ma sanyayewarta ke da jinkiri, a lissafin Canon na farkon nan in ta mutu a 8K ka bar ta minti 10 a kashe minti 3 kacal za ta ƙara baka, in minti 20 ne ta baka 8. Kuma ka lura duk lissafin a digiri 23 ne daga sanyi, yawancin kyamarori ma a takardarsu an rubuta daga 0 zuwa digiri 40 ne wajen aikinsu, in ka tsaya da baƙar kyamara a rana jikinta zai wuce zafin iskar wajen nesa ba kusa ba tun kafin ka danna komai. Haka in ka yi awa ɗaya kana ɗaukar hotuna da ita a kunne sannan ka juya bidiyo, ka riga ka cinye wani kaso na lokacinka.

To abin yi. Ka sauko firem 25 ko 30, ka kashe HQ in aikin dogo ne. Ka kashe kyamara tsakanin ɗauka da ɗauka, kar ka bar ta tana kallon banza. Akwai saiti a menu na bidiyo, Overheat control, a wasu sigogin an rubuta Standby: Low res, ka kunna shi, yana rage wahalar da take sha lokacin da take jira. Ka buɗe sikirin ka janye shi daga bayan kyamara don bayan nan ta nan zafi ke fita. Ka ɗora ta a kan ƙafa, wato abin girke kyamara mai ƙafa uku, maimakon riƙewa, tafin hannunka ɗumi yake ƙara mata. A rana ka yi mata inuwa ko da farin ƙyalle ne a sama ba tare da ka naɗe ta ba. In saitin da kake kai katin SD mai sauri V60 ko V90 zai iya ɗauka, gwada cire CFexpress ɗin gaba ɗaya ka gani. Ƙaramar fanka mai batir tana hura bayanta tana taimakawa fiye da yadda kake zato, musamman lokacin hutu in ka buɗe ƙofar kati da ta batir. In kuma aikinka kullum na awa biyu uku ne ba tsayawa, hanyar da ta fi ita ce rikoda ta waje irin Atomos Ninja V ta HDMI, ka cire katunan ciki, aikin matsewa da rubutawa ya koma can, iyakar minti 30 ɗin ma ta tafi. Sai dai bakin HDMI na R5 ƙarami ne mai saurin lalacewa, ka sa abin da ke riƙe wayar.

Abin da nake roƙonka kar ka yi: kar ka sa ta a firji, kar ka ɗora mata ƙanƙara, kar ka fito da ita daga zafi ka manna ta a bakin na'urar sanyaya ɗaki. Raɓa za ta taru a ciki inda hannunka baya kaiwa, kuma ruwa a kan allon lantarki ya fi zafi illa sau nawa. Kar kuma ka cire lensi ka hura fanka cikin bakin, ƙura kake tura wa sensa.

Kuma in faɗa maka gaskiya, in ka ga kana yaƙi da wannan kullum to kyamarar hoto ce kake sa ta aikin kyamarar bidiyo. Kamfanonin ma sun san haka, shi ya sa Panasonic suka sa fanka a S1H tun 2019, Sony suka sa a FX3 a 2021, Canon suka fito da R5 C a 2022 wadda kusan R5 ce da aka goya mata fanka a baya. Amma ban ce ka sayar da taka ba, yawancin masu irin aikinka sauya saiti kawai ya ishe su.

Saura famwiya. Wanda ya ce ka sabunta ya fi kusa da gaskiya, amma ba kamar yadda ya faɗa ba. Famwiya bata cire zafi, manhaja ce, ba za ta huda wa kyamara ƙofar iska ba. Abin da take canzawa shine lokacin da kyamara ke yanke hukuncin kashe kanta. A R5 siga 1.1.0 da ta fito a Agustan 2020 ta gyara yadda kyamarar ke auna zafi da lissafin lokacin da ya rage, har sanyaya ta daga waje ya fara tasiri sosai. Sai 1.6.0 a Yulin 2022 ta kawo saitin Auto power off temp. wanda in ka mayar da shi High kyamarar za ta jure zafi mai yawa kafin ta mutu, kuma wannan ne ya sauya labarin kyamarar a wajen masu bidiyo. Masu Sony sun daɗe da irin wannan saitin a nasu. Amma ka gane me ka yi in ka kunna shi, ka ce mata ne ta ci gaba duk da zafin, jikinta zai yi zafi sosai har Canon suna gargaɗin a ɗora ta a kan ƙafa kar a daɗe riƙe da ita, kati ma a bar shi ya huce kafin a taɓa, kuma sensa mai zafi tana ƙara ɗigo-ɗigo a hoto musamman a duhu. Tunda ta hannu ka saya, je menu mai alamar sifana ka duba lambar da ke kai, in ƙasa take da 1.6.0 to kana zaune ne da maganin rabin matsalarka baka sani ba. Bayan zafi ma akwai riba, 1.3.0 ta kawo Canon Log 3, wani saitin launi na bidiyo da ake gyarawa a wajen tacewa, 1.5.0 ta ƙara gane motoci a fokos. Haka abin yake a sauran kamfanoni, Nikon Z6 da famwiya ta samu fokos na ido a 2019, Sony a7 III ma a shekarar ta samu na idon dabbobi.

Shi kuma mai cewa tana kashe kyamara, abin da ke kashewa shine wuta ta yanke ana tsakiyar rubutawa, ko a sa fayil ɗin da ba na wannan kyamarar ba. Duka biyun a hannunka suke. Ka sauke daga shafin Canon kawai, kar ka karɓi fayil da wani ya turo maka a waya, ka tabbatar na R5 ne ba R5 C ko R5 Mark II ba don sunayen na kama. Ka buɗe abin da ka sauke ka ciro fayil mai ƙarewa da .FIR, ka yi wa kati fomat a cikin kyamarar bayan ka kwashe aikinka, ka ajiye fayil ɗin a farkon katin ba cikin wata folda ba. Batir na asali a cike taf, kar ka yi da wanda ba na kamfani ba don wasu suna nuna cike su faɗi farat ɗaya. Ni nakan cire lensi da adafta da komai in rufe bakin, in cire kati na biyu, sannan in fara. Da ta fara ka ɗauke hannunka, kar ka danna komai, kar ka buɗe ƙofar kati, ko ka ga kamar ta tsaya ka bar ta, 'yan mintuna ne. In ta gama ka kashe, ka cire batir na ɗan lokaci ka mayar, ka sake yi wa katin fomat. Kafin duk wannan ka ɗauki hoton shafukan menu ɗinka da waya saboda in wani saiti ya koma na asali ka san inda yake.

Inda nake taka tsantsan shine lokaci. Ba na sabuntawa ana gobe aiki, kuma ba na sabuntawa a makon da siga ta fito, nakan bar ta ta yi sati biyu uku in ji abin da masu irin kayana suka gani, domin kamfani na iya kuskure, Fujifilm sun taɓa janye siga 4.00 ta X-T2 a 2018 bayan an sami matsaloli a cikinta, kuma a yawancin kyamarori in ka hau baka iya saukowa da kanka. Kai wannan bai shafe ka sosai ba tunda sigogin da kake buƙata sun shekara da shekaru a hannun mutane. Abin da ya shafe ka shine kayan da ba na Canon ba, don Canon da lensunansu da adaftarsu suke gwaji, ba da na wasu ba. Sigma ɗinka yana da tasa famwiyar, ana sabunta ta da ɗan abin nan USB Dock da manhajar Sigma Optimization Pro a kwamfuta, na Tamron kuma TAP-in Console, wasu adaftocin ma suna da ƙaramin bakin USB a jiki don haka. Ka duba shafin masu adaftarka da na Sigma kafin ka taɓa kyamarar.

Ga yadda zan yi in ni ne. Yau, kafin ka canza komai, ka ajiye kyamarar a ɗaki a kan ƙafa ta huce sosai, ka ɗaura Sigma a saitin da ka saba, ka danna ka rubuta minti nawa ta yi da kuma alamar da ta nuna. Ka bar ta awa biyu a kashe, ka ɗaura 24-105 a kan wannan adaftar dai, ka tabbatar yankan nan a kashe yake, firem ɗin dai ɗaya, ka sake aunawa. In lokacin ya ƙaru alhali adaftar bata canza ba, ka wanke ta da idonka. Gobe ka sabunta famwiya, ka sa High, ka maimaita na farkon. Jibi ka sauko firem 25 ko 30 da Sigma ɗin, duk sanda ta tsaya a 29:59 ka sake dannawa ka ga sau nawa za ta zagayo. Ka turo min lambobin guda huɗu tare da lambar famwiyar da ka tarar a kai da irin katin da ke ciki, in akwai wanda ya fita daga abin da ya kamata sai mu duba batir ko katin.